Sunana a Gefen Shafi na Sha Tara

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba mu aron Malam, ya kuma karɓi abinsa a ranar da ya so.

Mai girma shugaban jami'a da mataimakansa, shugaban tsangayarmu, shehunan malamai da suka taso daga nesa tun jiya, ina gaishe ku. Mama, matar Malam kuma uwarmu mu duka, ina durƙusawa in gaishe ki, Allah ya ƙara miki haƙuri. Baffa, ƙanin Malam, da Likita babbar 'yarsa, da ƙannenta, da jikoki, sannunmu da wannan rashi. Abokan aiki, ɗalibai na da da na yanzu, da ma'aikatan sashenmu da suka share zauren nan suka jera kujeru tun da safe, assalamu alaikum.

Ni ce ɗalibar farko da Malam ya riƙe wa hannu har digiri na uku, kuma ni ke riƙe da sashen lissafi a yanzu. Shekara talatin da biyu na yi ina zama a gabansa, shi ya sa aka ce ni zan yi magana da bakinmu duka.

Kafin in ce komai, kowa ya dubi takardar da aka miƙa masa a bakin ƙofa. A ƙarƙashin hoton Malam an rubuta cewa shi ne ya warware hasashen da ya yi shekara talatin da ɗaya yana bi. Waɗanda suka rubuta ba su yi nufin ƙarya ba, abin da suka ji suka rubuta. Amma ba haka ba ne. Malam bai warware shi ba, kuma da hannuna a cikin dalilin. Zan faɗi yadda aka yi kafin in sauka daga nan. Bayan haka zan roƙi Mama abu biyu, gafararta, da littattafan aikin Malam guda arba'in da uku da ke kulle a gidanta, kuma har wannan lokaci ban san amsar da za ta ba ni ba. Sai dai ku bar ni in fara da mutumin, don bai dace kuskurena ya riga shi shigowa zauren nan ba.

Ya kasance mutumin da ba ya cewa ya gani sai ya gani. Matakalar nan da kuka hawo yanzu, da yawanmu mun san tarihinta. Da aka gama ginin, an saka Malam cikin kwamitin da zai duba ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Sauran 'yan kwamiti suka zagaya, suka yaba fenti, suka nufi inda aka ajiye musu lemo. Malam ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya durƙusa da babbar rigarsa, ya bi matakala ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar ta bakwai ta fi 'yan uwanta tsayi da yatsa biyu. Ɗan kwangilar ya ce, "Ranka ya daɗe, yatsa biyu ne fa, wa zai lura?" Malam ya ce, "Ƙafar tsohuwa za ta lura." Bai sa hannu ba sai da aka fasa aka sake, kuma an yi wata biyu ana jin haushinsa a ofisoshin sama. Mai girma shugaba, na ga kana murmushi, kuma na tuna a lokacin kana cikin masu jin haushin.

Ya kasance malamin malamai. Fiye da shekara ashirin, kowace Asabar da safe, malaman lissafi na makarantun sakandare suna taruwa a ɗakin lacca na biyu, mai fankar nan da ke kuka, ya zauna da su har azahar. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa rubuta shi a cikin ayyukansa. Ɗaya daga cikinsu tana nan zaune, jiya take gaya mini ta yi shekara goma sha ɗaya tana koyar da wani abu a karkace, Malam ya gane, bai tona ta a gaban 'yan uwanta ba. Sai da aka tashi ya ce mata, "Zo mu duba nan tare, ni ma wurin yana rikita ni." Mu da muka san shi mun san wurin bai taɓa rikita shi ba.

Ya kasance mai zafi kuma, kada mu mai da shi waliyyi don ya kwanta dama. Ni kaɗai ya sa ni kuka sau biyu. Babin farko na kundina ya dawo mini da shi jan biro ya fi baƙar tawada yawa, a ƙasa ya rubuta, "Ina kike sauri za ki?" Tun daga ranar ya laƙaba mini Uwar Gaggawa, saboda ina tsallake mataki uku in ce a bayyane suke. Haka ya kira ni har na yi furfura, har a gaban ɗalibaina, su kuma suna sunkuyar da kai suna dariya a ƙasa-ƙasa, suna zaton ban gani.

Na san mafi yawan waɗanda ke nan ba masu lissafi ba ne, kuma an daɗe ana tambaya a bayan idonsa, wai shin me mutumin nan yake yi ne? Baffa ne kaɗai ya taɓa tambayarsa ido da ido. Ina gidan ranar, muna zaune a tsakar gida da yamma. Baffa, kamar yadda kuka sani, tela ne. Ya ce, "Yaya, ni ma fa awo ne sana'ata. Mutum ya zo in auna kafaɗa, in auna ƙirji, kwana uku ya dawo ya karɓi rigarsa. Kai shekara nawa kana awon nan, ko hula ba mu gani ba."

Malam ya yi dariya har da tari. Ya tashi ya jawo tiyon da ake ba fulawa ruwa, ya ce, "Wannan babba ne ko ƙarami?"

Baffa ya ce, "Dogo ne."

Ya ce, "Ban tambaye ka tsawo ba. In na miƙe shi ya ratsa gidan nan, in na naɗe shi ya cika buhu. Amma tururuwar da ke tafiya a jikinsa, duk inda take, ba ta da nisa da tsakiyarsa. Ashe siriri ne, ko a miƙe ko a naɗe. To, in ba ka da komai a hannunka sai nisan da ke tsakanin wuri da wuri, ta yaya za ka gane abu kakkaura ne ko siriri?"

Wannan ita ce tambayar da ya ba rayuwarsa. Hasashe a wurinmu magana ce da masana ke jin gaskiya ce, amma ba wanda ya kawo hujjar da ba ta da ɓaraka. Wanda Malam ya bi yana cewa, in duk inda ka tsaya a cikin abu, abin da ke kewaye da kai taku ɗaya bai ɗauki cika mai yawa ba, to dukan abin siriri ne, komai tsawonsa, komai naɗe-naɗensa, kuma ana iya faɗin daidai inda kaurinsa zai tsaya. Mu a duniyar nan mun saba da fuska uku, tsawo da faɗi da zurfi. Lissafi ba ya tsayawa a uku, yana zuwa huɗu, biyar, har abin da ya yi sama, kuma a can ne tambayar Malam take zaune, tare da 'yan uwanta da dama da har yau ba wanda ya rufe su. Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya karɓi tiyon ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Yaya, ni dai bari in ba fulawar nan ruwa."

Duk wanda ya tambaye shi ina aka kwana, amsa ɗaya ce, "Saura kaɗan." Ya faɗe ta Likita tana firamare, ya faɗe ta ranar aurenta, ya faɗe ta ranar sunan ɗanta na fari. A sashe, in ba ya kusa, Malam Saura Kaɗan muke ce masa. Ya sani sarai, bai taɓa nuna ya sani ba.

Yanzu na zo kan al'adar da ya kafa mana, wadda ita ce tushen maganata. Hujja a lissafi mataki-mataki ake gina ta, kowane mataki yana ɗauke da na samansa. Malam ba ya ɗora komai a kan matakin da ya rubuta sai wani mutum daban ya duba, ya rubuta "na duba" a gefen shafin, da sunansa da kwanan wata. Yakan ce idon mutum yana tausaya wa aikin hannunsa. Sharaɗin ɗaya ne, kuma kowa a sashenmu ya san shi: ba ka rubuta "na duba" sai ka rufe littafinsa, ka ɗauki farar takarda, ka sake lissafin da kanka daga farko har ƙarshe. A gefen littattafan nan akwai rubutun mutum goma sha huɗu, uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Nawa ya fi na kowa yawa, kuma na daɗe ina alfahari da haka.

Shekara bakwai da suka wuce, wata Laraba a lokacin jarrabawa, Malam ya shigo ofishina da safe ɗauke da littafi na talatin da shida, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke. Ya samo sabuwar dabara. Za a yanka abin da katanga, a nuna katangar ta fi shi ƙanƙanta, sannan a yanka ita katangar da wata, a yi ta sauka har a kai ga abin da kowa ya san awonsa. Duk dabarar tana rataye a kan mataki ɗaya, cewa katangar da aka yanka tana gadon halin abin da aka yanko ta daga ciki. Ya ajiye littafin ya ce zai dawo bayan la'asar.

Takardun jarrabawa ɗari uku ne a gabana ranar, ga taro ƙarfe biyu. Na buɗe littafin tsakanin wannan da wancan. Ya yi zane a tsakiyar shafin, kuma kun san zanen Malam, mutumin da ke zana da'ira da hannu kamar da faranti ya zagaya. Na bi layukan da yatsa, komai ya zauna daram. Na ce a raina gobe zan sake lissafin a takardata. Da na ji takunsa a baranda, na ɗauki biro na rubuta "na duba", na sa sunana da kwanan wata. Bai tambaye ni ko na sake lissafin ba, don shekara ashirin da biyar bai taɓa buƙatar tambayata ba. Ya karɓi littafin ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Goben nan ba ta zo ba, jarrabawa ta wuce, hutu ya zo, na manta.

A kan wannan mataki ya ɗora shekara bakwai na ƙarshen rayuwarsa.

Bara ciwo ya fara taɓa shi, shi ma ya ji a jikinsa, ya ƙara ƙaimi. Farkon shekarar nan ya haɗa aikin duka a shafi ɗari da goma sha biyu, a gefen kowane mataki ya kwafe sunan wanda ya duba da ranar da ya duba. Ya shiga gida ya ce wa Mama, "Na gama." Wanda bai san gidan ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. Teburin cin abincin da ke falon Mama shekara talatin da ɗaya yana ɗauke da littattafai. Yaran nan da kwano a cinya suka girma. Abincin Malam a kan 'yar kujera ake ajiye masa a gefe, sau da yawa ya huce a ɗumama, ya sake hucewa. Ranar da ya ce ya gama, Mama ta kwashe littattafan ta zuba a kabad ta kulle, ta wanke teburin da sabulu, ta shimfiɗa ƙyallen da ta saya tun auta yana goye. Kwana tara bayan haka aka kai Malam asibiti.

Kafin a kai shi ya ba ni aikin in karanta daga farko har ƙarshe, sannan a aika wa masana. Na zauna da farar takarda, yadda ya koya mini. A shafi na sha tara hannuna ya tsaya.

Ku ɗauki maƙwabta biyu da gidajensu suka ba juna baya. In ta katanga ne, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. In ta titi ne, sai ɗaya ya zagaya unguwa kafin ya kai ƙofar ɗayan. Nisa biyu ne daban. A saman shafin Malam ya auna nisa ta bin jikin katangar, a ƙasan shafin ya auna ta yankewa kai tsaye, ya ɗauke su abu guda. A zanensa kuwa abu guda ne, don katangar da ya zana miƙaƙƙiya ce. Amma a fuska huɗu zuwa sama katanga tana iya naɗewa kamar zani a akwati, wurare biyu masu nisa su zo su haɗa kafaɗa. Wanda ya sake lissafin a takarda zai ci karo da wannan kafin ya kai rabin shafi. Wanda ya kalli zane ba zai taɓa gani ba. A gefen shafin ga sunana, ga kwanan watan Larabar nan.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina neman yadda zan ɗinke wurin. A maimakon ɗinki sai na samo misalin da ya nuna matakin ba zai taɓa tsayuwa ba. Hasashen bai mutu ba, yana nan a buɗe yadda yake, amma hanyar Malam zuwa gare shi ta yanke a nan. Ban taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba.

Na je asibiti bayan la'asar. Na tarar da Mama a baranda, zaune a kan benci da filas a gefenta. Ta dubi fuskata ta ce, "'Yata, kada ki shigar masa da abin da zai tayar masa da hankali. Tunda ya gama aikin nan ya samu natsuwa." Na ce, "To, Mama." Da niyyar yin shiru na shiga, Allah ne shaidata.

Yana kwance, an sa masa robar numfashi a hanci. Ya ce, "Uwar Gaggawa, kwana sha ɗaya? Ke da kike cinye littafi a yini biyu?"

Na ce, "Ban gama ba, Malam."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Ya ce, "Wane shafi?"

Na hau gyara masa bargo.

Ya ce, "Na ce wane shafi."

Na ce, "Sha tara."

Ya rufe ido. Yatsansa ya fara tafiya a kan bargo kamar yana rubutu a allo. Nas ta shigo ta canza ruwan da ake ƙara masa ta fita, bai buɗe ido ba. An yi kamar minti goma, sannan ya ce, "Katangar tana naɗewa."

Na ce, "Eh, Malam."

"Kin samu misali?"

Na faɗa masa misalin. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Misalin yana da kyau."

Sai na ce, "Malam, ranar nan ban sake lissafin ba. Zanen na kalla."

Na so ya yi mini tsawa irin ta da, bai yi ba. Ya kalli silin ya ce, "Shekara bakwai." Ba da ni yake ba. Ba zan ce muku ya karɓi abin da murmushi ba, don ban zo nan in ƙara wata ƙarya a kan ta farko ba. Abin ya yi masa ciwo. Na ga hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne, ban iya ko miƙa hannu in share masa ba. Can ya juyo ya ce, "Ni na zana katangar a miƙe. Ke kuma kin yarda da ni fiye da yadda na koya miki. Kowa ya ɗauki nasa."

Sannan ya koma malamin da muka sani, ya fara ba da umarni. Kada a aika aikin a matsayin hujja. Kada kuma a ɓoye shi. A fitar da shi tare da littattafan duka, a ja wa shafi na sha tara jan layi, a sa misalina a ƙarƙashi, don kada wani ya sake faɗawa ramin. Shafi na arba'in zuwa na saba'in suna tsaye da ƙafafunsu, wani zai amfana da su. Na ce, "Mama fa?" Ya ce, "Mamanku bar ni da ita. Ni na ce mata na gama, ni zan ce mata ban gama ba. Bari in koma gida tukuna." Kwana huɗu bayan haka ya rasu, bai koma gida ba.

Ni kuma na ja bakina na yi shiru. Ana zaman makoki ina jin mutane suna ce wa Mama, alhamdu lillahi tunda ya ga ƙarshen aikinsa, ina sunkuyar da kai. Magana ta bi gari har ta hau takardar da ke hannunku. Ranar Talatar nan na ga ba zan iya tsayuwa a nan da ita a cikina ba, na je gida, na zauna a ƙasa a gaban Mama na faɗa mata maganar shafi na sha tara.

Ta bari har na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Shi ya sani?"

Na ce, "Ya sani, Mama."

"Da saninsa ya tafi?"

"Eh."

Ta ce, "Ban ce miki kada ki shigar masa da tashin hankali ba?"

Na ce, "Kin faɗa."

Ta ce, "Kin ci masa shekara bakwai, kwana huɗun da suka rage masa ma ba ki bar masa ba."

Har yau ina juya maganar nan a raina. Wani lokaci ina cewa Malam ba zai so ya tafi a kan kuskure ba, wani lokaci ina cewa ni ce dai na so in sauke kayana a kan mara lafiya. Duk da haka na yi ƙarfin hali na roƙe ta littattafan, don wasiyyarsa ce. Ta ce, "Ba yau ba. A gaban mutane aka rubuta ya gama, a gaban mutane za ki ce bai gama ba, ki kuma faɗi dalili da bakinki. In na ji da kunnena, sai in san abin da zan ce miki." Ta tashi ta shige ɗaki.

To, jama'a, kun ji. Mai girma shugaba, muna roƙo a gyara layin nan kafin takardar ta shiga kundin jami'a. A rubuta cewa ya bi hasashen shekara talatin da ɗaya, ya share hanya mai tsawo, ya kuma nuna da bakinsa inda hanyar ta yanke.

Likita, ke da ƙannenki, kada wani ya sa ku ji an rage wa mahaifinku wani abu yau. Mun ga masana da yawa da aka nuna musu kuskurensu suna da cikakkiyar lafiya, suka yi shekaru suna musu. Naku yana kan gadon ajali, numfashi da ƙyar, minti goma ya ɗauka ya ce haka ne, har ya yaba misalin da ya rushe masa gini. Ni a wurina babu shafi a cikin ɗari da sha biyun nan da ya kai wannan.

Ɗalibanmu, tambayar tana nan tana jiranku, ita da 'yan uwanta. Wataƙila wanda zai rufe ta yana zaune a kujerun baya yanzu, wataƙila ba a haife shi ba. Abin da na roƙe ku ɗaya ne, in an miƙo muku shafi, ko daga hannun wanda kuka fi girmamawa a duniya, ku rufe shi ku ɗauki farar takarda. In ba ku da lokaci, ku ce ba ku da lokaci, wannan ba abin kunya ba ne.

Mama, na faɗa. Ki yafe mini. Amma akwai sauran saƙo da kika tashi ranar Talata ban isar ba, kuma ba nawa ba ne da zan riƙe. Ranar nan a asibiti, na kai bakin ƙofa Malam ya kira ni. Ya ce, "In Allah bai nufa na gaya mata da kaina ba, ki ce mata ta yi haƙuri, a kan maganar teburin ma ta yi haƙuri. Ki ce mata ban yi nadamar ce mata na gama ba. Kwana tara muka ci abinci tare, ni da ita, babu takarda a tsakaninmu. Da na san haka abin yake, da ban jira na gama ba."

Ku yi mini haƙuri kaɗan.

Likita ce ta hawo ta raɗa mini magana daga bakin Mama, ta ce in maimaita muku yadda aka faɗe ta. Mama ta ce, "Ki ce mata ta zo ranar Asabar da mota, littattafan suna da nauyi. Kada ta ci komai kafin ta zo, a teburin za mu zauna." Ban ji kalmar yafiya a ciki ba, ba kuma zan sake tambaya ba. Zan zo, Mama. Na gode.

Mun gode wa shugabannin jami'a da suka ba mu wannan zaure, mun gode wa baƙinmu da suka sha hanya, mun gode wa iyalin da suka ba mu aron mutuminsu shekara da shekaru ba su taɓa yi mana gori ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da aikin da bai ƙarasa ba, kamar yadda kowannenmu zai zo. Kai ne ka san iyakar kowane abu, babba da ƙarami. Ka yafe masa kurakuransa, na takarda da waɗanda ba na takarda ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Mama haƙuri da lafiya da tsawon rai, ka raya zuriyarsa a kan gaskiya. Mu kuma da muka rage, ka tsare hannayenmu daga shaidar abin da ba mu gani ba, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.